Fasinjan Hanyar Pitowa

Hansai ta miƙa wa mijinta ƙullin magani a bakin ƙofa, ba ta ko dubi fuskarsa ba.

"Yau za ka kai masa, Malam. Ba gobe ba."

Mas'udu ya ɗaga kai ya dubi rana. La'asar ta yi sakaliya. Daga gidansu a Jambutu zuwa Pitowa ba wata tafiya ba ce a kan ɗan ƙaramin babur ɗinsa, mobilet, amma sai mutum ya ratsa garin Garwa kaf kafin ya kama hanya. Ya so ya yi gardama. Da ya ga yadda ta ɗaure fuska, sai ya karɓa, ya cusa ƙullin a aljihun wando.

Wannan ya faru ne a zamanin Ahijo, daminar da ruwa ya dawo bayan babban fari. A lokacin duk mai rediyo a arewa ya san muryar Mas'udu, don shi ke gabatar da shirin Hausa na ranar Alhamis. Da can malamin makaranta ne. An taɓa tura shi kwas Yawunde, kuma tun da ya dawo babu abin da ya ƙara burge shi a ƙasar haihuwarsa. In an kawo masa tuwo ya ce da gudaji. In mawaƙi ya yi waƙa ya ce ihu ne. Yana da wata 'yar dariya ta hanci da yake yi kafin ya yanke wa abu hukunci, har yara a unguwa suna kwaikwayonta.

Wanda za a kai wa maganin kuwa yayan Hansai ne, Salmanu, tsohon malamin dabbobi. Ya ƙare ƙarfinsa yana bin ruga yana yi wa shanu allura, daga Mora har Yagwa. Duk inda ya kwana makiyaya da masunta sukan ba shi labarin abin da suka gani a daji da ruwa. Da ya bar aiki sai ya zauna ya buga labaran da tafireta, aka yi masa kwafi, ya ɗinke su da zare ya raba wa abokai. Kwafi ɗaya ya aiko wa surukinsa, da roƙon ya ɗan ambace shi a shirinsa.

Mas'udu ya ambace shi. Shirin Alhamis gaba ɗaya a kansa ya ƙare, yana karanto jimla yana dariyar hancin nan. Salmanu yana kwance a Pitowa, hawan jini ya kayar da shi, maƙwabta sun cika ɗakin don su ji an yabi mutuminsu a rediyo. Sun ji abin da suka ji. Tun ranar Hansai ba ta ƙara yi wa mijinta magana mai tsawo ba.

Ya tayar da mobilet ya kama hanya.

Da ya fita gari, iska ta sauya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na dawa mai fitar da kai. Dutsen Tengelin a hagunsa ya fara yin baƙi. Matan da suka taso daga gona suna ta sauri da itace a ka, ba mai kallon kowa. Can sai hanya ta zama tasa shi kaɗai, ba abin da ake ji sai kukan injin da na kwaɗi a fadama.

A wata ƙaramar gada ya hango mutum tsaye.

Tsoho ne siriri, da malfa ta rufe masa fuska, da riga mai launin ƙasa. Ba sanda, ba ƙunshi. Ya ɗaga hannu a hankali, kamar wanda ya san dole a tsaya masa. Mas'udu ba mai ɗaukar mutane ba ne. Ya ce daga baya bai san abin da ya sa ya kama birki ba.

"Jam na, Baba?" ya gaishe shi da Fulatanci. "Ina zuwa?"

"Gaba kaɗan," in ji tsohon da Hausa. Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ai na san wannan murya. Mai rediyo ne."

Wannan ya yi wa Mas'udu daɗi. Ya gyara zama ya ce ya hau.

Tsohon ya hau kariyar baya. Mobilet ɗin bai ko lotsa ba. Wani wari ya biyo shi, na laka da ruɓaɓɓiyar ciyawar ruwa, irin wanda ake ji a bakin Binuwai in ruwa ya ja baya. Mas'udu ya taɓe baki. Mutanen ƙauye da sabulu, ya faɗa a ransa, sai dai gaisuwa daga nesa.

Sun ɗan yi tafiya, sai tsohon ya matso da bakinsa kusa da kunnensa.

"Na ji abin da ka yi wa littafin mai allurar shanu."

"Ka ji?" Mas'udu ya yi dariyarsa. "To ai gaskiya na faɗa. Mutum ya iya kama bijimi ba shi ke nuna ya iya kama alƙalami ba."

"Babu na kirki a ciki ko ɗaya?"

Ba a yi wa Mas'udu irin wannan tambaya ya yi shiru. Ya rage gudu don a ji shi da kyau, ya shiga bayani yana jefa magana ta kan kafaɗa.

Ya ce in za a yi adalci, akwai biyu da ba su da laifi. Akwai na rijiyar nan ta wajen Mora, wadda in ka leƙa ka yi sallama sai ta amsa maka da muryar mahaifiyarka, ko da ta daɗe a kabari. Wannan ya yi, don gajere ne, kuma Salmanu bai tsaya bayani ba. Sai kuma na masuncin Yagwa, wanda ya jawo komarsa da rana tsaka ya tarar da riga a ciki, ya ɗaga ya ga rigar jikinsa ce, har facin da matarsa ta yi masa a hammata. Wannan kam, in ji shi, ya sa gashin jikinsa ya ɗan motsa. Kuma mutumin ya san daji. In ya ce ga warin garke da asuba, za ka ji shi a hancinka.

"Amma sauran, Baba, dusa ce. Duk aljaninsa ƙafar jaki ce da shi, da ido kamar garwashi. Ka karanta na farko ka karanta na gaba, aljani ɗaya ne ya sauya gari. Tsoro ya fara kama ka sai ya tsaya ya yi maka wa'azi. Ga Faransanci da yake cusawa don a san ya shiga makaranta. Babban aibin kuma, kowa tsira yake yi. Ka ji ana gudu, ana faɗuwa, zakara ya yi cara, mutum ya farka a gidansa ana ba shi kunu. In na san ba wanda zai rasa ko farce, me zan ji tsoro?"

Tsohon ya yi dariya. Ba ƙara a cikinta, iska ce kawai mai sanyi a bayan kunne.

"Ƙafar jaki," ya ce. "Ku mutane. Abin da kuke gani a bayan gidanku shi kuke liƙa wa kowa."

Mas'udu ya ji daɗin samun wanda ya fahimce shi. Bai tsaya a kan kalmar "ku mutane" ba.

Rana ta faɗi. Daga wani ƙauye can nesa aka fara kiran magariba, iska tana kawo shi tana ɗaukewa. Ya kunna fitila. Haskenta rawaya ne, bai wuce 'yan taku ba. Ƙwari suka fara bugun fuskarsa.

"Maganar tsira da ka yi," in ji tsohon. "Waɗanda ba su tsira ba, wa zai ba Salmanu labarinsu?"

"Wannan kuma aikin marubuci ne."

"Masuncin Yagwa ma ba daidai ya rubuta ba."

"Ka san labarin ne?"

"Rigar ba wofi ta fito ba."

Mas'udu ya lura mobilet ɗin ya fara nishi, alhali ba hawa suke ba. Tayar baya tana gurzar wani abu.

"Amma ai ya koma gida," ya ce. "Shi da bakinsa ya ba Salmanu labarin."

"Wani dai ya koma gida."

Kwaɗin fadama suka yi tsit a lokaci ɗaya.

"Wani ya koma da kwandon kifi a ka," tsohon ya ci gaba, a hankali, kamar mai lallashin yaro. "Ya ci abinci. Ya kwana a shimfiɗarsa. Matar ba ta yi ƙorafi ba. Har ta ce ya rage faɗa."

Mas'udu ya kai ido ga madubi. Ya ga hanya a bayansa, da ɗan jan da ya rage a sararin sama. Ya ga kafaɗarsa. Bai ga malfa ba.

Ya ce wa kansa madubin ne ya karkace.

"Baba, ina ne za ka sauka?"

"Ba mu iso ba."

Ya kamata a ce tuni fitilun Pitowa sun bayyana. Babu su. Babu gona a gefen hanya, babu bukka. Wata doguwar ciyawa ce dama da hagu, ta fi mutum tsawo, tana kaɗawa ba tare da iska ba. Ƙarar taya ta sauya. Ba kwalta ba ce a ƙarƙashinsu, wani abu ne mai taushi, mai tsotson taya.

Hannuwa biyu suka zagayo ƙugunsa.

Sanyinsu ya ratsa riga. Jiƙaƙƙu ne sharkaf. Suka haɗu a kan cibiyarsa, suka wuce juna, suka ci gaba da tafiya. Ya ji yatsun hannun dama sun zagaya har sun taɓo ƙashin bayansa.

Ya kama birki. Ƙarfen ya shige har jikin hannu, ba abin da ya riƙe. Ya saki totur. Injin bai rage ba.

"Hansai," in ji muryar. "Haka sunanta, ko?"

Mas'udu ya sake kama birki.

"Da me kake kiranta in kuna ku biyu?"

"Don Allah, Baba."

"Wane gefen gado kake kwana? In ka shigo gida, takalmi kake fara cirewa ko hula?"

Nauyin ya ƙaru. Kamar an ɗora masa buhun jiƙaƙƙen yashi a gadon baya, ana ƙara wani a kai. Ƙirjinsa ya kusa taɓa kan mobilet. Ruwa yana bin wuyansa yana gangarawa cikin riga, warin laka ya cika masa baki.

Sai aka yi gyaran murya a bayansa.

"Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka."

Muryarsa ce. Ba kwaikwayo irin na yaran unguwa ba. Ita ce, da ɗan kaushin da taba ta sa mata, da yadda yake jan ƙarshen kalma.

"Bai yi ba," abin ya faɗa da tsohuwar muryarsa. Ya sake gwadawa. "Barkanmu da war haka."

Sannan ya yi dariyar hancin.

Wannan ta fita daidai tun karon farko.

Mas'udu ya buɗe baki zai yi addu'a, harshensa ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Duk abin da ya haddace tun yana yaro ya watse. Leɓunansa suna motsi, ba abin da ke fita.

"A littafin ma a nan suke fara addu'a," aka raɗa masa. "Ka ce ya gundure ka."

Ciyawar ta buɗe. Gabansu ruwa ne, baƙi, shimfiɗe, ba ya ko motsi. Hasken fitila ya sauka a kansa bai dawo ba.

"Ba wuya zama kai," in ji abin. "Na saurare ka Alhamis da yawa. Raini ne da 'yar dariya. Cikin kwana ɗaya zan iya. Ita kuwa za ta ce ka yi hankali."

Mas'udu ya tuna Hansai a bakin ƙofa, tana jiran jin ƙarar mobilet. A ransa ya ga an buɗe mata ƙofa, an yi mata sallama da muryarsa, ta juya ta je ɗauko ruwan wanka.

Abin da ya ɓalle masa harshe ke nan.

"A'uzu billahi!"

Ba da kyau ya fita ba. Kamar kukan akuya aka ji shi. Amma hannuwan sun ɗan sassauta, kaɗan, kamar wanda aka taka wa ƙafa.

Mas'udu ya saki kan mobilet ya ɗaga hannuwansa sama, ya sulale ta ƙasa.

Riga ta kece. Ta fita ta kansa ta zauna a hannun abin.

Ya bugu da ƙasa. Wani abu ya ɓalle a ƙafarsa, ya ji ƙarar kafin ya ji zafin. Ya gangara cikin ƙaya.

Mobilet ɗin bai faɗi ba.

Ya ci gaba a miƙe. Akwai mutum a kan sirdi, sanye da farar rigar Mas'udu, zaune yadda yake zama, kafaɗa ɗaya a ɗage.

Ya shiga ruwan ba tare da fantsama ba.

Fitilar ta ci gaba da ci a ƙarƙashi, tana nisa, tana ƙanƙancewa.

Daga can ƙasa ana cewa, "Jama'a masu saurare."

Mas'udu ya ja ciki. Bai san inda ya nufa ba, ya dai ba ruwan baya. Ƙaya tana yankar ƙirjinsa, ƙafar tana binsa kamar ba tasa ba. Bai waiwaya ba. A bayansa ciyawa tana motsi, ko iska ce ko ba iska ba. Yana jan jiki yana maimaita kalmomin nan biyu, don su kaɗai suka rage masa.

Tafin hannunsa ya taɓa kwalta, da sauran ɗumin rana a jikinta.

Wani direban babbar mota mai suna Léon, mutumin kudu, ya taso daga Marwa da lodin albasa, shi ya gan shi a cikin hasken fitila. Da farko ya ɗauka kare ne aka buge. Ya ce da ya sauko ya ɗaga shi, mutumin ya ƙanƙame masa wuya yana tambayarsa da Faransanci ko akwai wani a bayansa. Wurin kuwa bai wuce jifa ba daga ƙaramar gadar nan. Ko rabin hanyar Pitowa bai kai ba. Ƙarƙashin gadar ɗan ruwa ne da bai kai gwiwa ba. Washegari an duba ko'ina, ba mobilet, ba riga, ba sawun taya.

Ƙullin maganin yana nan a aljihun wandonsa, a jiƙe. Wani maƙwabci ne ya sayi sabo ya kai wa Salmanu.

Labari ya zaga Garwa kafin a gama ɗora ƙafar. Ba wanda ya tausaya masa sosai. A majalisar masu shayi aka ce ɓarayi ne suka tuɓe shi, kunya ta sa ya ƙirƙiro aljani. Wasu suka ce barci ya yi a kan mobilet. Salmanu ya samu sauƙi har ya zo asibiti da sanda, ya zauna ya saurari labarin daga farko har ƙarshe, bai katse shi ba. Mutumin da ya yarda da kowane makiyayi da kowane masunci tsakanin Mora da Yagwa, ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Allah ya ƙara sauƙi," ya ce. A bakin ƙofa ya dubi ƙanwarsa. "Mijinki ya sha rana ne. Ki riƙa ba shi tsamiya."

Hansai ce ta goge masa jiki a daren farko, ita ta ga shatar da ta zagaye ƙugunsa, zagaye biyu, fatar wurin ta yi fari ta yamutse kamar ta wanda ya daɗe a ruwa. Kuma ya yi kuskuren gaya mata duk abin da aka tambaye shi a kan hanya. Kwanaki tana zaune nesa da gadon, tana kallon yadda yake tauna, yadda yake miƙa hannu. In ya yi mata godiya sai ta ƙara ja da baya. Hankalinta bai kwanta ba sai ranar da aka kawo masa kunun asibiti, ya kurɓa, ya ture kofin ya ce wanda ya dama wannan ko ruwan wanki bai iya haɗawa ba. Ranar ta matso da kujerarta.

Ya koma aiki da ɗingishi, amma bai ƙara yin shirin Alhamis ba. Ya roƙa aka mayar da shi ɗakin ajiyar faifai, inda ba a buɗe baki. A gidansa aka daina kunna rediyo. Halinsa na raini bai bar shi ba, in an tambaye shi littafin Salmanu har gobe yakan ce rabinsa dusa ce. Dariyar ce kawai ba a ƙara ji ba.

Kuma bai ƙara yarda wani ya tsaya a bayansa ba. A ofis ya juya teburinsa ya jingina da bango. A masallaci sahun ƙarshe yake tsayawa, ko da shi ya fara zuwa.

Wata magariba ruwan sama ya hana shi fita, ya tayar da salla a ɗaki. 'Yarsu Rahamatu, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta lallaɓo ta haye bayansa yana sujada, ta zagaya wuyansa da 'yan hannuwanta tana dariya. Hansai ta shigo da fitila ta tarar da shi a haka, goshi a ƙasa, hawaye ya jiƙa tabarma. Bai ɗago ba, bai motsa ba. Da ta sunkuya kusa da shi sai ta ji yana magana can ƙasa.

"Hansai, dubo mini. Gaya mini wane ne."